Darasi na 9: Jakadu Masu Ƙafa Huɗu

Ranar 20 ga watan Yulin shekarar 802, wani baƙo ya shiga garin Aachen, a ƙasar da yau ake kira Jamus, bayan doguwar tafiyar da ta ƙetare sahara da teku da duwatsu. Baƙon toron giwa ne, sunansa Abul Abbas. Halifa Haruna Rashid na Bagadaza ne ya aiko da shi kyauta ga Sarki Sharleman, wanda a lokacin yake riƙe da mafi yawan yammacin Turai. An yi ɗaruruwan shekaru rabon mutanen wannan yanki da ganin giwa ido da ido.

Asalin maganar ta faro ne tun 797, lokacin da Sharleman ya tura mutum uku gabas: manyan fadawansa biyu, Lantfrid da Sigimund, da wani Bayahude mai suna Ishaku. Manyan biyun duk sun mutu a tafiyar. Ishaku ne ya rage, kuma jidalin giwar ya faɗo a wuyansa shi kaɗai. Ya biyo da ita ta arewacin Afirka, aka tanadar masa jirgin ruwa, suka sauka a tashar Porto Venere ta Italiya cikin watan Oktoban 801. Nan ma ba a huta ba, domin dusar ƙanƙara ta toshe hanyoyin duwatsun Alps. Dole suka yada zango a garin Vercelli har sanyi ya wuce, sannan suka ɗauki hanya.

Me ya haɗa halifan Musulmi da sarkin Kiristoci da ba su taɓa sa juna a ido ba? Abokan gaba ne suka haɗa su. Dukansu biyu ba sa ga-maciji da Umayyawan da ke mulkin Andalus, kuma dukansu suna hararar sarakunan Rumawa na Kustantiniya. Einhard, bafaden da ya rubuta tarihin Sharleman, ya ce wai wannan ce kaɗai giwar da Haruna Rashid ya mallaka, ya ɗauka ya ba ubangidansa. Duk wanda ya san arzikin Bagadaza na wancan zamani sai dai ya yi murmushi. Abin da ya fi ban dariya ma shi ne, littattafan tarihin Larabawa na lokacin ko ambaton kyautar ba su yi ba. A Aachen labarin shekara ne, a Bagadaza ko tawada ba a ɓata a kansa ba.

Abul Abbas ya yi shekara takwas a ƙasar sanyi. A 810 Sharleman ya fita yaƙi da Godfrid, sarkin Denmak, sai giwar ta faɗi ta mutu farat ɗaya a wani wuri da ake kira Lippeham, kusa da kogin Rhine. Marubutan fada sun sa mutuwarta cikin manyan abubuwan da suka faru a shekarar.

Sarakuna sun daɗe suna yi wa junansu irin wannan aike, kuma dalilin ba ɓoyayye ba ne. Zinariya da alharini ana karɓa ne a kai taska a kulle, ba wanda ya gani sai ma'aji. Dabba kuwa da ƙafarta take tafiya, gari bayan gari, kuma duk inda ta ratsa sai an tambayi wanda ya aiko ta. Saƙon da take ɗauke da shi guda ne: hannuna yana kaiwa inda naka ba ya kaiwa. Sau da yawa kuma aiken gaisuwa ce da roƙon iri, akwai buƙatar da aka ƙunsa a ciki. Labaran da ke tafe za su nuna yadda buƙatun suka riƙa ƙarewa.

Raƙuman dawa daga ƙasashen Sudan

Sarakunan kudu da sahara sun fi kowa sanin darajar raƙumin dawa a wannan harka, tunda a Afirka kaɗai ake samunsa. Malam Ibn Khaldun ya rubuta cewa a shekarar 1257 sarkin Kanem, a yankin Tafkin Chadi, ya aika wa Sarki al-Mustansir na Tunis da kyaututtuka, cikinsu har da raƙumin dawa, kuma mutanen birnin suka yi dafifi don kallonsa. Sai mutum ya tsaya ya auna aikin: a jawo dabbar da ta fi soro tsawo, mai saurin firgita, a ratsa hamada da ita daga rijiya zuwa rijiya har bakin Bahar Rum, kuma ta isa da rai. Sunan sarkin da aka kai wa ya shiga littafi. Makiyayan da suka yi wannan aiki ba wanda ya rubuta sunansu.

Bayan shekara ɗari da 'yan kai, daular Mali ta yi irin wannan. A ƙarshen 1360 ayarin sarkinta Mari Jata na Biyu ya isa birnin Fas na Maroko da raƙumin dawa, kyauta ga Sarki Abu Salim. Ibn Khaldun yana aiki a fadar a wannan lokaci. Ya ba da labarin yadda fili ya cika ya batse, mutane suna hawa kan juna don su hango, da yadda jakadun Mali suka gai da sarki suna zuba ƙasa a ka, kamar yadda al'adarsu take.

Wanda ya fi kowa cin ribar raƙumin dawa dai shi ne sarkin Sin mai laƙabin Yongle. A tatsuniyoyin Sinawa akwai wata dabba da suke kira kilin, mai jikin barewa da wutsiyar sa da kofaton doki, mai ladabin da ko ƙwaro ba ta takawa. Sun yi imani ba ta bayyana sai a zamanin adalin sarki. To, Yongle ƙwace sarauta ya yi daga hannun ɗan ɗan'uwansa a 1402, bayan yaƙin basasa, kuma ya san ana gunaguni. Kwatsam a 1414 sai ga sarkin Bangala ya aiko masa da wata doguwar halitta mai kofato da 'yan ƙahoni lulluɓe da fata, ga ta da natsuwa. Fadawa ba su yi wata-wata ba suka ce ai ga kilin nan ta bayyana. Sarki ya nuna kamar abin bai dame shi ba, ya ce in dai ministoci sun yi aikinsu ƙasa ta zauna lafiya, ba a buƙatar wata kilin. Amma duk da haka an zana hotonta, an yi mata waƙar yabo a fada. Shekara na zagayowa, a 1415, sai ga wata daga Malindi, a gaɓar Kenya ta yau, a zamanin da jiragen Zheng He, Musulmin kwamandan ruwan Sin, suke zirga-zirga a tekun Indiya. Dabbar da ba ta fitowa sai sau ɗaya a zamani ta fito sau biyu cikin shekara biyu, kuma ba a ji wani bafade ya yi tambaya ba.

Raƙumin dawan da Sarki Ƙaitbay na Masar ya aika wa Lorenzo de Medici na birnin Florence a 1487 bai yi wannan sa'a ba. An gina masa ɗaki na musamman, amma bayan 'yan watanni ya saƙala kansa a tsakanin katakan rufin, wuyan ya karye.

Giwar Fafaroma da karkandar da ta nutse

A ƙarshen ƙarni na 15 jiragen Fotugal sun gano hanyar zuwa Indiya ta zagayen Afirka, kuma Sarki Manuel na Ɗaya yana so Fafaroma ya sa albarka a kan ƙasashen da yake kamawa da cinikin kayan yajin da yake yi. Sai ya tura gagarumar tawaga Roma ƙarƙashin Tristão da Cunha, ta isa a watan Maris na 1514. Cikin kayan gaisuwar akwai ɗan toron giwa daga Indiya mai suna Hanno, an koya masa wasanni. Da ya zo gaban Fafaroma Leo na Goma sai ya durƙusa ya sunkuyar da kai, sannan ya tsoma hancinsa a ruwa ya fesa wa jama'a, har da manyan limaman coci cikin tufafinsu na alfarma. Fafaroma ya yi ta dariya, kuma daga ranar Hanno ya zama ɗan lele. An gina masa gida kusa da fada, ana fita da shi duk wani babban biki.

Daɗin bai daɗe ba. A 1516 Hanno ya kwanta rashin lafiya, likitocin fada suka ɗura masa maganin wankin ciki da aka gauraya da zinariya, wai magani mai tsada ga majinyaci mai daraja. Cikin watan Yuni ya mutu yana da shekara bakwai kacal. Fafaroma ya sa Raphael, fitaccen mai zanen zamanin, ya zana hotonsa a bango don tunawa. A 1962 masu aikin gyara a fadar Vatican suka tono wasu manyan ƙasusuwa, daga baya bincike ya nuna na giwa ne.

Manuel ya ga giwa ta yi kasuwa, sai ya ce bari ya ƙara da wata. Dama akwai wata karkanda a hannunsa, wadda ita ma kyautar siyasa ce tun asali. Gwamnan Fotugal a Indiya, Afonso de Albuquerque, ya nemi Sarki Muzaffar na Biyu na Gujarat ya ba shi izinin gina sansanin yaƙi a tsibirin Diu. Sarkin ya hana izini, ya ba da karkanda. Gwamna ya rasa yadda zai yi da ita, ya ɗora ta a jirgi zuwa Lisbon, ta sauka ranar 20 ga Mayun 1515. Tun zamanin daular Rumawa ba a ga irinta a Turai ba.

Malaman fada sun karanta a tsofaffin littattafai cewa giwa da karkanda abokan gaba ne na har abada, sai sarki ya ce a gwada a gani. Ranar 3 ga Yuni aka share fili, aka tara jama'a, aka fito da wata ƙaramar giwa daga cikin na sarki. Karkanda ta sunkuyar da kai ta nufo ta a hankali. Giwa ta dube ta, ta dubi taron da ke ihu, ta juya ta ce ƙafa me na ci ban ba ki ba. Dambe ya tashi ba a kai ko naushi ɗaya ba.

A ƙarshen shekarar aka sa wa karkanda abin wuya na koren karan-miski, aka ɗaure ta da sarƙa a jirgi, aka nufi Roma. A hanya an tsaya da ita a wani tsibiri kusa da Marseille don Sarki Faransuwa na Ɗaya na Faransa ya ba idonsa abinci. Daga nan guguwa ta tarar da jirgin a gaɓar Italiya ya kife, kusa da Porto Venere, wato tashar da Abul Abbas ya sauka kimanin shekara 700 kafin nan. Karkandar Indiya gwanar iyo ce, amma sarƙar ba ta bar ta ba.

Sai dai mutuwar ba ta kashe labarinta ba. A birnin Nuremberg na Jamus akwai wani mai zane, Albrecht Dürer, wanda bai taɓa ganin karkanda ba a rayuwarsa. Wasiƙa da ɗan zanen wani ne suka iso hannunsa daga Lisbon. Da su ya sassaƙa hoton dabbar a jikin katako a 1515, don a riƙa buga shi a takarda. Ya yi mata jiki falle-falle kamar ta sa sulken ƙarfe, ƙafafu masu ɓawo irin na kifi, ya kuma dasa mata wani ɗan murɗaɗɗen ƙaho a doron wuya wanda Allah bai halicce ta da shi ba. Hoton ya yi kyau ƙwarai, har ya fi gaskiyar karɓuwa. Fiye da shekara 200 littattafan ilmin dabbobi na Turai suna kwafarsa, ɗalibai suna haddace ƙahon da babu shi.

Tattaki daga Sennar zuwa Paris

Labarin da ya fi kowanne cika da daɗin ji shi ne na wata raƙumar dawa 'yar ƙasar Sudan. Muhammadu Ali Basha, mai mulkin Masar a ƙarƙashin daular Usmaniyya, ya ci Sudan da yaƙi a 1820 zuwa 1821. Bayan 'yan shekaru sojojinsa suna ƙasar Girka suna taya sarkin Santambul murƙushe masu neman 'yanci, kuma mutanen Turai sun fusata da shi matuƙa. Ƙaramin jakadan Faransa a Masar, Bernardino Drovetti, wanda ya san kan fada, ya ba shi shawarar ya sanyaya zuciyar Sarki Sharl na Goma da kyautar da ba a taɓa kai irinta Faransa ba.

Maharba suka kamo 'yar jaririya a yankin Sennar. Aka ɗaure ta a bayan raƙumi, aka sa ta a jirgin ruwa ta Khartum, aka gangara kogin Nilu har Iskandariya. Tunda ba uwa, sai aka haɗa ta da shanu uku masu tatsa, tana shan madara wajen lita 25 a kullum. Mutum biyu ne suka fi ɗawainiya da ita, Hassan da wani ɗan Sudan mai suna Atir. A wuyanta kuma an rataya laya mai ayoyin Alƙur'ani, maganin kambun baka.

Da aka zo shiga jirgin da zai ƙetare Bahar Rum sai matsala ta taso: ɗakin ƙasa na jirgin ya yi mata gajere. Matuƙa suka huda rufin, suka naɗe bakin ramin da ciyawa don kada ya goge mata wuya, suka kafa rumfar tamfol a sama. Haka aka yi tafiyar, gangar jikinta a ƙasa tare da shanu, kanta a waje tana kallon teku. A ƙarshen Oktoban 1826 ta taka ƙasar Faransa a Marseille, ta yi lokacin sanyi a gidan gwamnan yankin, wanda ya riƙa kiran manyan gari liyafa don su gan ta.

Daga nan aka shiga shawarar yadda za a kai ta Paris. Zagayawa ta teku akwai haɗari, kuma ba keken dokin da zai ɗauke ta. Aka turo Étienne Geoffroy Saint-Hilaire, babban masanin dabbobi, wanda ya taɓa zuwa Masar tare da rundunar Napoleon. Dattijo ne mai shekara 55, ga ciwon gaɓoɓi yana fama da shi. Ya dube ta, ya ga yadda take bin shanunta duk inda suka sa ƙafa, sai ya yanke hukunci: da ƙafa za a je, kuma shi ma zai taka. Ya sa tela ya ɗinka mata rigar ruwa mai gida biyu, wadda ta rufe ta tun daga wuya har gadon baya.

Ranar 20 ga Mayun 1827 ayari ya tashi. Jandarmomi bisa dawakai suna gaba suna buɗe hanya, shanu na biye, sai ita a tsakiya, masu riƙe da igiyoyinta a gefe da gefe, malam masani yana ɗingishi a kusa, keken kaya a baya. Tafiyar kusan kilomita 880 ce, kuma ta ci kwana 41. Kowane ƙauye aka ratsa sai manoma su watsar da aiki su fito bakin hanya. A birnin Lyon mutum wajen 30,000 suka taru. A wuraren kwana kuma neman ɗakin da zai ɗauki tsayinta ya zama aikin kowace yamma. Da aka isa Paris a ƙarshen Yuni, Geoffroy ya ba da rahoton cewa dabbar ta ƙara ƙiba da ƙarfi, ta daina tsoron mutane. Shi ne tafiyar ta galabaitar.

Sarki Sharl ya ƙagu ya gan ta, har ya so ya je da kansa, amma aka tuna masa cewa sarki ba ya zuwa wurin kyauta, kyauta ce ke zuwa wurin sarki. Saboda haka baiwar Allah da ta gama taka rabin Faransa sai da ta sake ɗaukar hanya zuwa fadar Saint-Cloud ranar 9 ga Yuli, inda ta lanƙwaso dogon wuyanta ta ci furen wardi a tafin hannun sarki.

Daga nan birnin Paris ya rikice. Fiye da mutum 100,000 suka je kallonta a lambun dabbobi. Hotonta ya hau faranti da yadi da takardar bango, masu gashin burodi suna yin biskit mai siffarta. Mata suka ƙirƙiro gyaran gashi mai tsini sama, ana kiransa da sunanta. Hassan bai daɗe ba ya koma Masar, amma Atir ya zauna da ita shekara da shekaru. An yi masa wani ɗan bene a cikin ɗakinta, yana hawa da tsani ya kwanta daidai saitin kanta, kullum kuma yana taje mata jiki a gaban 'yan kallo, har shi ma ya zama sananne a birnin.

To, ina maganar roƙon irin? Wata uku da 'yan kwanaki bayan ta ci fure a hannun sarki, ranar 20 ga Oktoban 1827, jiragen yaƙin Faransa da Ingila da Rasha suka haɗu a mashigin Navarino suka ragargaza jiragen Masar da na Usmaniyya. Basha ya yi asarar raƙumar dawa, ya yi asarar jirage. Ba Faransa kaɗai ya yi wa aiken ba ma. Ya tura wani wa Sarki Joji na Huɗu na Ingila, amma wannan ya isa da raunin ƙafafu, har sai da aka riƙa tallafe shi da igiya daga sama, ya mutu a 1829. Na ukun da aka kai Vienna ko shekara bai cika ba.

Ta Paris kuwa ta ga bayan sarkin da aka kawo wa ita, domin a 1830 juyin juya hali ya kore shi daga gadon mulki. Yayinta ya wuce, 'yan kallo suka ragu, ta ci gaba da zamanta har ta mutu a watan Janairun 1845. An feɗe fatar an cusa an tsayar, kuma har yau tana nan a gidan adana kayan tarihi na garin La Rochelle.

Wanda ya ce a'a, da wanda aka cinye nasa

Ba kowa ne ke karɓa ba. A 1861 Sarki Mongkut na Siam, wato Tailan ta yau, ya ji labarin cewa duk faɗin Amurka babu giwa. Abin ya ba shi tausayi. Ya rubuta wasiƙa yana tayin aiko da 'yan giwaye maza da mata, a sake su a daji su hayayyafa, in sun yi yawa a riƙa kamawa ana ɗaukar kaya da su. Kafin a ba da amsa Abraham Lincoln ne a kan mulki, yana tsakiyar yaƙin basasa. A watan Fabrairun 1862 ya mayar da amsa cikin ladabi: ya gode da takobi da hauren giwa da hoton da aka haɗo da su, amma yanayin ƙasarsa bai dace da kiwon giwa ba, kuma su da ƙarfin tururi suke jigilar kayansu a ƙasa da ruwa.

Sinawa sun farfaɗo da tsohuwar dabarar a zamaninmu da fanda, wata dabba mai fari da baƙi da ba a samunta a daji sai a ƙasarsu. Bayan ziyarar Shugaba Nixon a 1972 sun aika da guda biyu birnin Washington, Amurka kuma ta yi tukuici da wasu shanun daji biyu masu dogon gashi na ƙasashen ƙanƙara. Daga baya Sin ta daina bayarwa kyauta. Aro take bayarwa, ana biyan kuɗin da kan kai dala miliyan ɗaya a shekara a kan guda biyu, kuma duk ɗan da aka haifa nata ne.

A watan Fabrairun 2013 Shugaban Faransa François Hollande ya ziyarci Timbuktu, bayan sojojin ƙasarsa sun kori 'yan bindigar da suka mamaye arewacin Mali. Cikin murna aka ba shi kyautar ɗan raƙumi, wanda ya yi ta kururuwa a wajen bikin har ana jin jawabi da ƙyar. Hollande ya yi raha cewa zai riƙa hawansa a matsayin abin sufuri. Da farko an so a kai shi gidan namun daji a Faransa, amma aka ga wahalar ta yi yawa, sai aka bar shi amana a hannun wani gida a Timbuktu. Bayan wata biyu labari ya iso Paris ta bakin ministan tsaro cewa masu riƙon sun yanka raƙumin sun yi miya da shi. Hukumomin arewacin Mali suka ce abin kunya ne, suka kuma yi alkawarin aika wani wanda ya fi na farkon girma da kyau, a wannan karon kai tsaye zuwa Faransa.

Tambayoyi da aikin aji

1. Wace buƙata ce Muhammadu Ali Basha ya ƙunsa a cikin kyautarsa ga sarkin Faransa, kuma me ya faru a Navarino?
2. Me ya sa bayyanar raƙumin dawa ta yi wa Sarki Yongle daɗi fiye da yadda za ta yi wa wani sarkin?
3. Dürer bai taɓa ganin karkanda ba, amma an yi fiye da shekara 200 ana yarda da hotonsa. Ku tattauna dalilan da kuke ganin sun jawo haka.
4. Ku nemo taswira ku bi hanyar da raƙumar dawa ta bi daga Sennar zuwa Paris, sannan kowa ya rubuta shafi ɗaya yana ba da labarin yini guda na tafiyar ta bakin Atir.